Ruwan da Ake Zuba wa Matafiyi

A wajenmu, idan mutum zai yi tafiya mai nisa, da ya juya baya sai a watsa ruwa a sawunsa, don ya je ya dawo lafiya. Matar gida ce take watsawa. Ranar da mahaifina Falih, wanda nake kira Yaba, ya tafi Arbil, can arewa, neman aiki, mahaifiyata, wadda nake kira Yumma, ba ta watsa ba.

Tana zaune gaban tanderu tana manna gurasa. Ya tsaya a kanta da jakarsa a kafaɗa, ya ce, "Sabriya, zan wuce."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ai ƙafarka ce. Ka bar ni da 'ya mace da baƙar ƙasa, sai ka dawo."

Ya daɗe yana duban gonar ta saman katanga. Sannan ya ce, "Ranar da ƙasar nan ta yarda ta riƙe saiwa, za ku gan ni." Ya dafa kaina, ya fita.

Na ruga wajen tankin ruwan daɗi da kwano, Yumma ta ce in na taɓa shi sai ta karya mini hannu, don ruwan tanka ake kawo mana daga Zubair, ba a wasa da shi. Na waiga na ga ruwan da na wanke shinkafa a cikin roba, fari-fari. Shi na ɗauka. Kafin in kai bakin ƙyaure motar ta yi nisa, amma na watsa, can inda baƙar ƙasa ta zo ta tsaya.

Gonarmu ta tumatir ce, kamar ta kowa a wannan yanki. A da, in sanyi ya shigo, motoci suna layi a ƙofarmu, Yaba yana ta faɗa da masu saye yana dariya. Na bar makaranta ina aji huɗu na koma tsinkar tumatir a bayansa, ban kuma taɓa jin na yi asara ba. Sai wata rana bututun mai da ya ratsa arewa da mu ya fashe. Ɗanyen mai ya bi kunya-kunya kamar an saki ruwan rijiya. Rana ta gasa shi ya zama ɓawo, in ka taka sai ya karye, ƙarƙashi kuma danƙo. Yaba ya yi ta haƙa yana kwashewa. Ya dasa, suka mutu. Ya sake dasawa. A karo na uku da suka mutu, ya wanke hannu da kananzir ya shiga ɗaki.

Washegarin tafiyarsa, da na wanke shinkafa, sai na ga ƙafata ta kai ni bakin ƙyaure. Na ce a raina wataƙila na jiya bai isa ba, tunda motar ta riga ta wuce. Na watsa. Jibi ma haka. Tun Yumma tana harara har ta daina kallo. Zafi ya zo ya wuce, ya sake zuwa, kullum da hantsi ina tsaye wurin nan, fuskata a arewa, roba a hannu. Ban taɓa gaya wa kowa dalili ba. Ni dama ba mai magana ba ce. In baƙo ya yi sallama, bayan labule nake tsayawa har ya tafi.

A bazara ta biyu aka turo wata masaniyar kimiyya, Duktura Intisar, daga Basra. Doguwar mace ce mai tabarau, da takalman roba har gwiwa. Ta zauna a tabarmarmu, na kawo shayi, ta yi wa Yumma bayani. Masu bututun sun yarda a gwada gyara ƙasar a inda take. In ta gyaru kafin sanyi, gona tamu ce. In ba ta gyaru ba, za a zagaye ta da waya a mai da ita wurin tara gurɓatacciyar ƙasa, mu kuma a ba mu ɗaki a gari.

Ɗaki a gari. Na tuna maganar Yaba ta ranar tafiya. Ɗaki ba ya riƙe saiwa.

Yumma ta ce, "Da me za ki gyara, 'yata? Mijina ya sa ƙarfinsa duka bai iya ba."

Ta kira ta da sunana, ta ce, "Da wasu 'yan halittu ne, Ummu Rabab. Ido ba ya ganinsu. Sunansu bakteriya. Mai ne abincinsu."

"Ba su ne ƙwayoyin cutar da ake ta cewa a wanke hannu saboda su ba?"

"Danginsu ne. Amma waɗannan na kirki ne."

"Kowane dangi haka yake cewa," in ji Yumma. "Mai bai ishe mu ba, sai an ƙara mana da cuta."

Duktura ta yi dariya har ta ajiye kofi. Ta ce abu uku kawai suke so: ruwa, iska, da ɗan taki. In sun samu, sai su cinye man su bar ƙasa.

Aka kawo tarakta, direbanta Ammu Mizhir, wato Baffa Mizhir, tsohon abokin Yaba, mai haƙori ɗaya na zinariya da baki ba linzami. Ya farfasa ɓawon nan, ya jera ƙasar dogayen kunyoyi, aka gauraya da takin tumaki da ƙaiƙayi. Halittun kuwa a buhu suka zo daga ƙasar waje, gari ne kamar na alkama. Aka dama a ganguna da ruwan rijiyarmu aka yayyafa.

Ammu Mizhir ya leƙa cikin ganga ya ce, "Marhaba da baƙi. Duktura, suna jin Larabci kuwa? Kada in ce su ci su ɗauka zagi ne."

"Kai dai juya ƙasa, Ammu."

"Ina juyawa. Amma na ga jajayen fata da yawa sun zo nan da hula da gora. Duk watan bakwai yake korarsu."

Ni aikina kai shayi ne da ruwan sanyi. In na ajiye, sai in ɗan tsaya daga nesa ina kallon kunyoyin, ko zan ga wani abu yana motsi. Ba na ganin komai. Duktura tana ɗibar ƙasa a kwalabe tana tafiya da su Basra, tana dawowa. Da farko da fara'a take sauka daga mota. Daga baya ta daina gaishe da Ammu Mizhir da wasa. Ƙasar tana nan baƙa, warinta yana nan, wanda in iska ta juyo har cikin gurasa ake jin sa.

Wata rana na ji tana gaya wa Yumma a inuwar katanga cewa baƙin sun mutu. Ruwan rijiyarmu zartsi ne, rana kuma ta fi ƙarfinsu. A can inda aka raine su ba su san gishiri irin namu ba. Ta ce za ta nemi a ƙara mata lokaci, amma ba ta yi alkawari ba.

Yumma ta ce, "Allah ya jiƙansu," ta tashi ta shiga ɗaki. Na san wannan shigar. Irinta Yaba ya yi.

Ranar Juma'a Yaba yake kira, bayan an sauko daga masallaci. Gadi yake yi a wani gini da ba a gama ba. Yumma takan amsa masa da e da a'a, ta miƙo mini wayar.

"Rabab."

"Na'am, Yaba."

"Kina cin abinci?"

"Ina ci."

"Nan akwai duwatsu, har da ƙanƙara a kansu. Tumatirinsu kuwa kamar ka tauna soso."

Ina jin numfashinsa, da ƙarar wata mota a bayansa. Bai taɓa tambayar gona ba, ni ma ban taɓa ɗauko zancen ba. Ina so in ce masa takalmansa suna nan a bayan ƙofa, ina kaɗe su. Ina so in ce na manta yadda tarinsa yake da asuba. Abin da yake fitowa kawai shi ne, "Allah ya tsare, Yaba."

Bayan mutuwar baƙin da 'yan kwanaki, na fito da robata da hantsi kamar kullum. Ban lura ba ashe Duktura tana zaune a cikin motarta a gefen ƙyaure, ƙofa a buɗe, ta cire tabarau tana murza ido. Na riga na watsa kafin in gan ta.

"Wa ya yi tafiya?" ta tambaya.

Na sunkuyar da kai. Na so ƙasa ta tsage.

Ammu Mizhir yana ƙarƙashin tarakta yana ɗaure wani abu, ya leƙo. "Ubanta. Shekara biyu ke nan. Mutane sau ɗaya suke watsawa, 'yar Falih kuwa kullum. Da ruwa yana jawo mutum, da yanzu ya iso a jirgin ruwa."

"Ammu, bari," in ji Duktura. Ta mai da tabarau. Ba ni take kallo ba, ƙasa take kallo.

Ta sauko ta durƙusa a wurin da nake watsa ruwan. Bai fi faɗin tabarmar salla ba. Ni ban taɓa duba shi ba, kullum idona yana kan hanya. Ta sa yatsa, ya shige. Babu ɓawo. Ta ɗebo da hannu, ƙasar ta warwatse a tafinta, ja-ja, ba baƙa ba. Ta kai hanci. Ta sake kaiwa. A gefe, jikin gindin ƙyaure, wata 'yar ciyawa ce mai ganye uku.

"Ƙanwata, wane irin ruwa kike zubawa?"

Da ƙyar na ce, "Na wankin shinkafa. Wani lokaci na waken adas."

"Da ruwan rijiya kike wankewa?"

"E, da na rijiya. Yumma ba ta yarda da na daɗi sai a tukunya."

Ta zauna daɓas a ƙasa, ba ta damu da rigarta ba. Ta ce, "Ammu, zo ka shinshina."

Ya zo yana goge hannu, ya shinshina. Sannan ya ce a hankali, "Wannan ƙamshin gonar Falih ne."

Duktura ta yi mini bayani kamar yadda ake yi wa yaro, ban kuma ji haushi ba. Ta ce irin halittun nan suna nan a ƙasarmu tun asali, 'yan gida, sun saba da gishiri da rana, man ma ba baƙonsu ba ne. Ƙishirwa ce ta kwantar da su. Ta nemi irinsu a cikin kunyoyi tun farko, amma kaɗan ta samu, rabi a mace, shi ya sa aka sayo na waje. A nan kuwa, inuwar ƙyaure ta rufe su, kullum ruwa yana sauka da ɗan abinci a ciki. Sun farka, sun hayayyafa, sun yi shekara biyu suna ci.

"Ashe dabbobi kike kiwo ba mu sani ba," in ji Ammu Mizhir. "To, in an zo layya a ba ni cinya."

Ta ɗebi ƙasar wurin rabi, ta bar rabi. Ta ce kamar tsamin kullu ne, ba a kwashe shi duka. Ta tafi da ita Basra, ta dawo da jarkoki cike da wani ruwa mai kauri kalar shayi da madara. Aka zuba a ganguna, aka sa musu injin hura iska, ana ƙara musu tsakin dabino da taki. Sai gangunan suka fara kumfa, suna wari kamar kullun da ya kwana.

Wannan karon aka sauya aiki. Da sassafe ake yayyafawa, kafin rana ta yi ƙarfi, a rufe kunyoyin da ganyen dabino don kada laima ta gudu. Ammu Mizhir yana juyawa su sha iska, a sake rufewa. Duktura ta roƙi Yumma ta bar ni in riƙa ban ruwa. Ta koya mini in dunƙule ƙasa a hannu: in ta ɗiga, ruwa ya yi yawa, za su shaƙe, in ta warwatse, suna jin ƙishi, in ta tsaya dunƙule, daidai ke nan. Hannuna ya yi baƙi har cikin farce, Yumma tana mita kan sabulu. Amma ita ce ta fara tara mini ruwan shinkafa a bokiti, har da na maƙwabta, ko da Duktura ta ce ba lallai ba ne.

"Lallai ne mana," in ji Yumma. "Wanda ya saba da girkin gidan nan ba zai ci na wani ba."

Ba a ga komai ba da wuri. Ina tafiya tsakanin kunyoyi da tiyo, ina yi musu magana a zuci, tunda su ba sa kallon mutum. Ina ce musu ku ci, don Allah ku ci, sanyi yana tafe. Wani lokaci in ɗaga ganyen dabino in ga baƙi kamar jiya, in mayar in rufe. Wani lokaci in ga kamar ya ɗan dushe, in kasa tabbatarwa ko idona ne. Abin da ya fara canzawa wari ne. Wata safiya na ɓare gurasa na ji ƙamshin gurasa kawai.

Da zafi ya fara karyewa, Duktura ta zo da faranti-faranti da ƙullin irin lansir. Ta ce kwalabenta na Basra sun nuna man ya ragu sosai, amma lansir ne zai yi shaida a gaban masu bututu, don shi ba ya jure guba, kuma ba ya ɓata lokaci. Muka cika farantan da ƙasa daga kowace kunya, muka barbaɗa iri, muka jera a inuwar ɗakinmu. Na kasa zama. In na wuce sai na leƙa. Yumma ta ce, "Ki bar su mana, ido yana hana tsiro," amma na kama ta ita ma tana leƙawa da tsintsiya a hannu.

Suka fito. Ba duka ba. Farantan kunyoyin arewa, kusa da bututu, 'yan tsiraru ne suka ɗago suka yi rawaya. Sauran kuwa suka yi kore shar, kamar an shimfiɗa gashi.

Masu bututu suka zo da motoci biyu, suka duba, suka yi ta magana da Duktura a gefe. Ina bayan labule. Da suka tafi ta shigo ta cire takalma ta ce ba za a sa waya ba. Arewa tana bukatar wata shekara. Sauran kuma ba za a dasa abin ci ba tukuna. Sha'ir za a fara shukawa, a yanke a ƙone, a sake gwadawa. Tumatir sai an yi haƙuri, wataƙila kaka biyu, wataƙila uku.

Ranar Juma'a wayar ta yi ƙara. Yumma ta miƙo mini ba ta amsa ba. Na ce, "Yaba," na tsaya nan. Ina ta buɗe baki. Yana cewa, "Rabab? Lafiya? Rabab?"

Yumma ta fizge wayar. "Lansir ya fito a gonarka," ta ce. "Lansir ne, ba tumatir ba, kada ka ɗauki kanka wani abu." Ta kashe.

Ya iso bayan mako guda, da la'asar. Ya rame, gemunsa ya yi fari ta gefe ɗaya. Na sumbaci hannunsa na ji ƙashi. Bai shiga gida ba. Ya ajiye jaka a bakin ƙyaure ya wuce gona, ina biye. Ya ɗaga ganyen dabino, ya dunƙuli ƙasa, ya murza, ya shinshina. Ya matsa gaba ya sake. Haka ya bi kunyoyin nan ɗaya bayan ɗaya har arewa, inda ya tsaya ya daɗe, ya goge hannu a rigarsa.

Ammu Mizhir ya ƙwala masa daga kan tarakta, "Ka dawo, ɗan duwatsu? Ka gode wa tukunyar shinkafarka."

A hanyar komawa Yaba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mizhir ya ce kullum kike watsawa."

Na ce, "Motar ta riga ta wuce a ranar farko."

Ya riƙe hannuna, baƙin farce da komai, har ƙofar gida.

Kwana uku ya yi. Ya kwance injin ban ruwa ya wanke shi, ya gyara tiyo, ya zauna da Duktura suna gardama kan lokacin shuka sha'ir. Da asuba na ji tarinsa ta bango, na kwanta shiru ina saurare. Amma sha'irin da za a ƙone ba ya ciyar da gida, kuma ya yi wa mai ginin alkawari har ƙarshen sanyi. Ya ce zai dawo kafin a yanke. Bai ce wataƙila ba.

Da safe ya tsaya da jakarsa a kan Yumma, tana gaban tanderu. Ya ce, "Sabriya, zan wuce."

Na juya zan ɗauko robata. Sai na ga ta miƙe, ta kaɗe gari daga hannunta, ta ɗauki babban kwanon da muke kwaɓa kullu. Ta buɗe tankin ruwan daɗi ta cika shi har baki. Ta bi bayansa tana tafe a hankali don kada ya zube. Yana sa ƙafa a mota ta watsa, ruwan ya jiƙa masa dunduniya da gefen wando.

"Da gangan kika yi," in ji Yaba ta taga.

"Don ka tuna," ta ce.

Muka tsaya har motar ta shige bayan tankunan mai. Yumma ta miƙo mini kwanon, tana goge ido da gefen mayafi kamar hayaƙi ne ya shiga.

"Jeki ki wanke shinkafa," ta ce. "Naki dabbobin ba su karya ba tukuna."